Mutum 74 sun ce za su saya, gora 11 aka saya: ina kuskuren yake?

Maman_Hibba:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya. Shekara uku ke nan ina yin zoɓo da kunun aya a gida, nan Tumfure a Gombe, ƙanena yana kai wa ofisoshi da shaguna a mashin. Alhamdu lillahi ana rufa asiri. To sai mutane suka dame ni da maganar sukari, wannan ya ce likita ya hana shi, wancan ya ce tumbi yake ragewa. Na ce bari in fito da zoɓon da ba sukari, dabino da abarba da citta da kanumfari kawai. Ban yi gaban kaina ba, sai da na tambaya. Na saka ƙuri'a a guruf ɗin kwastomomina na WhatsApp, mutum 74 suka danna "zan saya", mutum 3 kacal suka ce a'a. Da ƙarfin gwiwata na sayo kaya na haɗa gora 100. Jama'a, gora 11 na sayar cikin kwana uku. Da na ga sauran za su yi tsami, na rabar a makarantar allo da maƙwabta. Wannan jin ra'ayin kwastoma da ake ta koya mana a wajen bita, yana da amfani kuwa, ko ɓata lokaci ne?

Dan_Tudun_Hatsi:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Hajiya. Ni dai ra'ayina, aikin 'yan boko ne. Mahaifina ya yi shekara arba'in yana auna masara da wake a Tudun Hatsi, bai taɓa raba wa kowa takardar tambaya ba, kuma da sana'ar ya aurar da mu duka. Kasuwa ita ke koya wa mutum karatu.

Adda_Mairo:
Sannu ƙanwata, asara ba daɗi. Amma tsakani da Allah, su wane ne a guruf ɗin nan? Cikin 74 ɗin, nawa ne dangin mijinki, nawa ne ƙawayen Islamiyya? Kin san mu da kara. Ko gishiri kika zuba a madadin sukari, wadda kuka yi zaman suna tare ba za ta ce bai yi ba, "ma sha Allah, Allah ya sa albarka" za ta ce. Ga shi ƙuri'ar WhatsApp ba ta da sirri, kowa na ganin sunan wanda ya danna me. Wa zai yarda a ga sunansa a layin "a'a" yana kashe wa Maman Hibba kasuwa? Ni ukun nan da suka ce a'a ma sun burge ni.

Maman_Hibba:
Adda kin taɓo inda yake min ciwo. Na koma na ƙirga, kusan rabi 'yan uwa ne da ƙawaye. Wasu ma suna Kaduna da Abuja, ban san ta ina za su sha zoɓon ba.

Malam_Lissafi:
Hajiya, kafin in ce komai, taimaka ki kwafo mana tambayar yadda kika rubuta ta, harafi da harafi. Kuma kin faɗi farashi a ciki?

Maman_Hibba:
Ga ta Malam: "Idan na kawo muku zoɓo mai ƙara lafiya, marar sukari, za ku saya?" Farashi kam ban saka ba, don a lokacin ban gama lissafi ba. Da na gama sai ya kama naira 700 babbar gora, na kullum kuma 300 ne.

Malam_Lissafi:
Yawwa. To ba jin ra'ayi ne ya cuce ki ba, tambayar ce. Kin ce "mai ƙara lafiya", wane ne zai ce ba ya son lafiya? Kin riga kin saka musu amsa a baki. Sannan ba kuɗi a ciki, kin ga abin da suka amsa shi ne suna son zoɓo mai kyau, ba su amsa cewa za su ba da 700 ba. Na uku, kin tambaye su abin da za su yi gobe. Ɗan Adam bai iya faɗin gobensa ba, ko da ba ƙarya ya yi niyya ba. Jiya ake tambaya. "Yaushe rabonki da sayen abin sha marar sukari? A ina? Nawa kika biya?" Wadda ta ce ba ta taɓa saye ba, kin san inda za ki ajiye "zan saya" ɗinta.

Kan abin da Adda ta faɗa kuma, yawan masu amsa ba ya gyara kuskuren zaɓen waɗanda aka tambaya. A 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka dawo. Ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa, yawanci daga kundin masu tarho da masu mota ta samo su, a lokacin da talaka ke fama da abin da zai ci, kuma waɗanda suka damu su mayar da takardar ba su ne hoton ƙasar ba. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutum wajen 50,000 ya faɗi wanda zai ci daidai. Guruf ɗinki shi ne kundin masu tarho ɗinki.

Tela_Bolari:
Malam ya yi bayani, amma ni ga tawa dabarar ta marasa karatu. Sallar bara na ce zan ɗinka kaftanin yara in ajiye, wanda ya zo ya ɗauka kawai ba jiran layi. Duk uban da na tambaya sai ya ce wallahi ka kawo shawara, ni ma biyu zan ɗauka. Na ce to madalla, kawo kafin alƙalami, ko dubu biyu ce. Nan take aka fara "bari albashi ya shigo". Cikin mutum wajen talatin, bakwai suka ajiye kuɗi. Na ɗinka goma sha biyu, duka suka tafi. Da na bi baki, da sittin zan yanka.

Ummu_Sudais:
Tela ka ba ni dariya. "Bari albashi ya shigo" ai ita ce a'a ta mutanen Gombe.

Hamma_Bello:
Hajiya ki kwantar da hankalinki, manya ma sun faɗa ramin nan. Kamfanin Coca-Cola a 1985 ya canza ɗanɗanon lemonsa bayan ya yi gwajin ɗanɗano kusan 200,000, mafi yawa suka ce sabon ya fi. Da aka fito da shi a watan Afrilu, Amurkawa suka yi ca, waya da wasiƙu ba iyaka. Kwana 79 kacal kamfanin ya dawo da tsohon. In masu biliyoyin dala sun tambayi dubban mutane sun sha ƙasa, ina ga gora 100? Ni ina bayan Dan_Tudun_Hatsi.

Malam_Lissafi:
Hamma, labarin gaskiya ne, amma ba inda ka kai shi ya nufa ba. Masu ɗanɗanon ba su yi ƙarya ba, sabon ya fi zaƙi, kuma a kurɓi ɗaya abu mai zaƙi yakan yi nasara. Abin da gwajin bai auna da kyau ba shi ne yadda mutane za su ji idan aka ɗauke musu wanda suka saba da shi gaba ɗaya. Harshe aka tambaya, ba a tambayi sabo ba. Kuma a lura, kurɓi daban, shanye gora daban. Wannan ya shafi Maman Hibba kai tsaye: in za ki ba da ɗanɗano, kar ki ba da a murfi. Ba mutum gora guda ya tafi da ita, gobe ki ga ko zai nemi wata.

Hamma_Bello:
Na ji, amma ka ga dai ko ƙwararru ba su san tambayar da ta dace ba sai da aka yi ɓarin. To mu ina za mu sani?

Sista_Rahila:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Maman Hibba, don Allah ki daina cewa "marar sukari" in akwai dabino da abarba a ciki. Busasshen dabino fiye da rabin nauyinsa sukari ne. Mai ciwon suga zai ji kin ce ba sukari ya ɗaga gora guda ya shanye, ya zo mana a rikice. Ki rubuta "ba a ƙara sukari ba, da dabino aka yi". Kuma kalmar "ƙara lafiya" ko "maganin kaza" a jikin kwali, ranar da kika je neman lambar NAFDAC za ta ba ki wahala.

Maman_Hibba:
Inna lillahi. Sista wallahi ban san haka ba, na ɗauka tunda daga itace yake shi ke nan. Na gode, zan gyara.

Bappa_Kumo:
Dabinon ma yanzu wa ke iya sayensa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kuɗin mota daga Kumo zuwa Gombe kaɗai ya ishe ka. Ga rashin wuta. Mai zoɓo ribarta a wajen mai ƙanƙara take ƙarewa.

Ummu_Sudais:
Bappa kar ka tuna min. Kunun aya ko yini ba ya yi in ba sanyi. Ni sola na haɗa wa firiza, shekara guda ina biyan bashin.

Injiniya_Sola:
Wane irin batir aka saka miki Hajiya? In na ruwa ne shi ya sa. Ki yi min magana ta gefe.

Shugabar_Guruf:
Injiniya, ranar talla Asabar ce. A dawo kan tambayar Maman Hibba don Allah.

Hajiya_Mai_Turare:
'Yata Maman Hibba, ni ban iya dogon rubutu ba, jikata ke rubuta min. Shekara ashirin da biyu ina turaren wuta da humra a Jekadafari. Ban taɓa yin ƙuri'a ba, amma kullum cikin tambaya nake. Wadda take saye ba na damunta, ta riga ta ba ni amsa da kuɗinta. Wadda ta daina zuwa ita nake nema. Akwai lokacin da amare suka rage ɗaukar humrata, na ɗauka ƙamshin ne, har na fara canza haɗi ina ƙara kashe kuɗi. Sai na kira wata da ta ɓace min wata biyar, muka gaisa, na tambayi yara, na yi mata barkar haihuwar ƙanwarta, can na ce 'yar nan ko na yi miki laifi ne? Ta yi ta kwana-kwana, da ƙyar ta ce Hajiya kwalbar ce, murfin yana yoyo, ya ɓata mata leshi a akwati. Kin ji. Ba ƙamshi ba, murfi. Da takarda na ba ta in ce ƙamshi ya yi ko bai yi ba, "ya yi" za ta ce, in ci gaba da asara ban san dalili ba. Kuma ba a tambayar Bahaushiya gatsau. Sai an gaisa, an yi hira, maganar gaskiya a bakin ƙofa take fitowa lokacin sallama.

Adda_Mairo:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Wannan ta bakin ƙofa ko a zaman sulhu haka take.

Sadiq_Dijital:
Da girmamawa ga iyayenmu, amma kar mu mayar da komai zamanin da. Hajiya tana da kwastoma da za ta iya kira ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da dubu biyu fa? Google Forms, fom ɗin tambaya na intanet, kyauta ne, kuma za ka iya barinsa ba suna, kunyar da Adda ke magana ta kau. Akwai ma awo mai tambaya ɗaya da Fred Reichheld ya fito da shi a 2003, manyan kamfanoni na amfani da shi: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ka tallata wa wani kayanmu? Masu 9 da 10 naka ne, 7 da 8 'yan ba-ruwanmu, 0 zuwa 6 masu ƙorafi. Ka cire kason masu ƙorafi daga na masoya, ka riƙa bibiyar lambar duk wata.

Tela_Bolari:
Sadiq, ka je Herwagana ka ce wa tsohuwa ta ba zoɓo maki daga sifili zuwa goma. Goma za ta ba ka ta haɗa da addu'a.

Yar_Kaltungo:
Ni matsalata da fom ɗin nan harshe ne. Ina sayar da man gyaɗa da ƙuli, kwastomomina akwai mai Tangale, akwai mai Waja, akwai Fulanin da ke shigowa ranar kasuwa, Hausar ma ta ciniki ce kawai. Na taɓa tura fom da Turanci, waɗanda suka cike duk ɗalibai ne da ma'aikata, suka ce in zuba man a kwalba mai kyau da tambari. Masu sayen jarka, waɗanda su ne ke riƙe da ni, ko ɗaya bai buɗe ba. Wasu ba data, wasu wayar ma ƙarama ce. Yanzu saƙon murya nake turawa, su ma su amso da murya. Ya fi wahalar tattarawa amma aƙalla masu sayen ne ke magana.

Sadiq_Dijital:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Fom na zaɓar mutanensa. Abu ɗaya dai, duk mai tara lambobin mutane da sunayensu ya sani akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Ka faɗa wa mutum abin da za ka yi da lambarsa, kar ka karɓa da sunan tambaya gobe ya tsinci kansa a guruf ɗin talla.

Ummu_Sudais:
Wannan ɗabi'ar tana ci min rai. Ka sayi abu sau ɗaya, sai ka farka a guruf uku.

Abban_Walid:
Ni a ganina duk an bar jaki ana dukan taiki. Matsalar ba tambaya ba ce, 700 ce. Ku tuna madarar gari da, sai mai hali ke sayen gwangwani. Da Cowbell ta shigo Najeriya a 1993 a ƙananan leda, mai shayi da ɗan makaranta suka samu shiga. Awon ne ya canza. Mutum na iya son kayanki da gaske, kuɗin da ke aljihunsa a wannan lokacin ne bai kai ba. Ki zuba a ƙaramar gora ki ga.

Dan_Tudun_Hatsi:
To ai ka dawo gidana Abban Walid. Buhu, tiya, mudu, rabin mudu, gwangwani, har ƙullin leda. Wa ya yi mana bita kafin mu san wannan? Mace ta zo ta taya mudu, ka ga tana juya kuɗi a hannu, ka san rabi za ta iya. Ido ne.

Malam_Lissafi:
Alhaji, abin da kake yi da ido shi ne abin da muke magana, suna ne kawai ya bambanta. Kai kana ganin mutum ɗari a rana a gaban buhunka. Maman Hibba tana gida, ƙanenta ke kai kaya, ba ta ganin fuskar mai saye lokacin da ya ji 700. Dole ta nemi wata hanyar ji. Kuma ido ma yana mantuwa, yakan riƙe wanda ya yi surutu ya manta goman da suka saya shiru. Shi ya sa rubutawa ke da amfani. Ga masu son lissafi: in ka zaɓi mutum 100 ba son rai, amsarka na iya kaucewa da kamar kashi 10 sama ko ƙasa. In kana son ta ragu zuwa 5, sai ka tambayi 400, ba 200 ba. Ga mai ƙaramar sana'a wannan wahala ce, gara hira mai zurfi da mutum goma sha biyar na gaske, sannan a gwada da kaya kaɗan.

Dan_Tudun_Hatsi:
Malam ka ce dai mun yi canjaras. Amma ni har gobe ba zan cike fom ba.

Maman_Hibba:
Na dawo. Jiya da yau na bi shawarar Hajiya, na kira mutane. Cikin gora 11 ɗin nan, ashe 6 mutum biyu ne suka ɗauka, dukansu iyayensu tsofaffi suke saya wa, kuma ɗaya har ta tambayi ƙanena yaushe za a sake. Na faɗa mata maganar Sista kan dabino, ta ce za ta tambayi likitan mamanta. Waɗanda suka danna "zan saya" ba su saya ba, na samu takwas. Uku sun ce tsada. Biyu sun ce ba su ma san ya fito ba, sitatus kawai na saka. Ɗaya ta ce ranar 17 ga wata wa ke da 700 ta zoɓo. Ɗaya ta ce ta ɗanɗana na maƙwabciyarta, cittar ta yi yawa. Ta ƙarshen, 'yar gwaggona, ta ce ita dama don ta ƙarfafa min gwiwa ta danna, ba ta shan zoɓo sam. Yanzu tunanina in yi ƙananan gora 20 a ƙarshen wata, wanda yake so ya turo kuɗi tun kafin in jiƙa zoɓon.

Hamma_Bello:
Ni fa ina ganin ki haƙura da shi. Mutum biyu ba kasuwa ba ne. Ki riƙe na 300 da ke tafiya, kar garin neman ƙiba a samo rama.

Adda_Mairo:
Haba Hamma. Mutum biyun da suka dawo da kansu ba su fi 74 na ganin ido ba? Kowace sana'a da biyu ta fara. Ta nemi irinsu, masu jinyar iyaye, ba ta koma guruf ɗin dangi ba.

Tela_Bolari:
Kuɗi kafin kaya yana aiki a ɗinki don mutum ya saba. A abin sha ban sani ba ko za su yarda, mai ƙishi ba ya jiran jibi. Ki gwada dai ki ba mu labari.

Sista_Rahila:
In za ki yi, ki yi kala biyu, ɗaya da dabino kaɗan, ɗaya ba komai sai citta da kanumfari, mai so ya zuba abin da likitansa ya yarda. Na biyun zan ɗauki uku in kai wajen aiki a ɗanɗana.

Yar_Kaltungo:
Maman Hibba, ƙananan gorar a ina kike samu? A Babbar Kasuwa na duba wancan makon, sai manya. In kin samu mai sari ki haɗa ni da shi, mu haɗa kuɗi mu ɗauki dila ɗaya.

Maman_Hibba:
To Yar_Kaltungo, gobe in sha Allahu zan shiga kasuwa, zan tambayo. Sista, ukun nan na rubuta, amma kin ji abin da Tela ya koya min, sai na ga alat.